Zare a tukunyar gyaɗa

Wasu shekaru baya, lokacin da bin hanyar Kaduna ya zama sai addu'a, wani zoben roba ya tsage a cikin injin niƙan mahaifina. Aka zagaye kasuwar Birnin Gwari ba a samu irinsa ba. Baba ya ce ran Litinin zai shiga mota ya je Kaduna ya sayo, har ya kama kujera a tasha. Kowa kuwa ya san abin da ake yi wa matafiya a dajin nan.

Ina da wani ɗan inji da na dawo da shi daga makaranta, mai narka zaren roba yana gina abu layi-layi. Ban taɓa yin abin kirki da shi ba sai maƙalin makulli. Na roƙi Baba ya ba ni kwana uku. Ya ce, "Da wannan abin wasan naka?"

Na farko na yi shi da zaren da na saba. Injin niƙa na yin zafi, zoben ya lanƙwashe. Sai na ɗauko zaren nailan mai tauri da na ajiye tun bara. Yana fara narkewa ya kama tas-tas kamar gugguru, abin da ya fito kuwa duk kumfa, ina matsawa ya fashe. Ran Juma'a ke nan. Ko abinci na kasa ci.

Mahaifiyata ta leƙo ta kasa kunne. "Wannan ai sanyin damina ya sha."

Na ce, "Inna, roba ce fa."

Ta ce, "To, ɗan boko, sai ka yi ta zama."

Washegari ta ɗumama yashi a tukunyar suyar gyaɗa, ta janye wuta, ta shimfiɗa tsumma, ta ɗora zaren ta rufe don ya bushe. Wuni guda tana taɓa murfin da bayan hannu tana ƙara garwashi, ni kuma ina kai-kawo ina addu'ar kada ya narke, don ba ni da wani.

Lahadi na mayar da zaren cikin ɗan injina, da la'asar zoben ya fito sumul. Baba ya ɗaura, ya tayar da inji, ya zuba masara. Ya jima yana saurare, sannan ya ce da ni, "Je ka tasha, ka ce wa direba ya ba wani kujerata."

Har yau in aka yabe ni kan zoben nan kunya nake ji, don rabin aikin na Inna ne. Wanda ya zauna a kujerar Baba kuwa, ban taɓa iya tambayar ko ya isa lafiya ba.