Inde Mai Banda a Bayan Zana

Inde ɗiyar Ɗanlami ce, Ɗanlami kuwa ɗan Kyauta, masunta tun kaka da kakanni a bakin tabkin Madarumfa. Mahaifiyarta Jummai mutuniyar Gabi ce, daga gidan manoman gyaɗa. A wajen uba Inde ta gaji sana'ar kifi, a wajen uwa ta gaji murya, wadda idan ta ɗaga ta tana tallar banda a kasuwa, mai ban ruwan albasa a gaɓar tabki yakan ji ta sarai. Ta auri Dogo mai amalanken jaki, suka zauna a gidan da ke jingine da katangar lise, wato makarantar sakandare, inda na koyar da Faransanci har na ajiye alli. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma a iya zamana can ba a yi wasan kwaikwayo ko ɗaya babu hannunta a ciki ba.

Asalin abin shi ne zafin ajujuwanmu. Idan ƙarshen shekara ya gabato, kowane aji yakan shirya wasansa, ɗalibai kuma sukan fita gwaji a inuwar itacen bedin ƙofar gidanta, daura da murhun banda. Da fari korarsu take yi. Wata rana ta hangi yarinya tana kwaikwayon daka da sanda a cikin bokiti, ta ce ba za a kunyata matan Madarumfa a ƙofarta ba, ta mirgino turminta. Bayan turmi sai zannuwa, sai ƙwarya, sai tsofaffin rigunan Dogo. Ita ce ta ƙware wajen haɗa gemu da auduga da ƙaro. Saboda haka duk alhazai da likitocin da suka hau dandalinmu sun hau ne suna ƙamshin hayaƙin kifi.

Ba ta tsaya ga ba da aro ba. Takan gaya wa mai kwaikwayon tsoho cewa bayansa ya tsufa amma ƙafafunsa sun ƙi. Wanda ya yi kyau kuwa, ta yabe shi da sunansa da na ubansa, ta ɗora masa kan kifi a hannu.

Yaro ɗaya ne bai taɓa samun gyara ko yabo daga bakinta ba, shi ne Ilyasu, ɗanta na fari. Inde ta riƙe kunyar ɗan fari kamar yadda iyayenmu mata suka riƙe ta: ba ta ambatar sunansa, ba ta yabonsa, ba ta dubansa a gaban mutane. Idan tana son aikensa sai ta ce wa ƙannensa su gaya wa wancan. Shi kuma ya tashi yaro mai shiru, wanda a wasannin baya ba ya wuce ɗaukar kujeru.

A shekararsa ta ƙarshe, Mushe Sa'idu, malamin da ke kula da wasan ajinsu, ya ba shi babban matsayi: saurayin da ke son tsallakawa Najeriya cin rani tun gero bai shiga rumbu ba, uwarsa tana roƙonsa daga cikin ɗaki. Wata ɗaliba, Rahama, ita ce uwar, ba a ganinta, muryarta kawai ake ji daga bayan zana. Mushe Sa'idu yana da ƙa'ida, kowa da sunansa na gaskiya yake wasa, domin ya lura idan an laƙaba wa ɗalibi baƙon suna yakan manta ya amsa. Duk lokacin da gwaji ya zo kan Ilyasu, sai Inde ta juya wa bedi baya ta duƙufa wajen juya kifi.

Da safiyar ranar wasa Rahama ta tashi da mura, muryarta ta dishe ɗungum. Aka gwada sauran ƴan matan, babu wadda kiranta ya wuce benci na biyu, ga filin makaranta da faɗi, mu kuma ba mu da lasifika. Jarrabawar bak ta kammala sakandare ta matso, babu wata ranar da za a ɗaga wasan zuwa gare ta. Ni da Mushe Sa'idu muka tsallaka wajen Inde, tunda ta ji gwajin har ta haddace labarin.

Ta saurare mu ba ta daina fifita wuta ba.

"Mushe, kun san abin da kuke roƙo kuwa? Ku sake masa suna, in kira muku shi har mutanen garin Safo su ji."

Mushe Sa'idu ya bayyana mata cewa ajin duka da sunan suka saba, sauyin ranar nan zai rikita su, gara a fasa wasan. Ilyasu yana tsaye a gefen katanga. Ya tuɓe rigar Dogo da aka ara masa, ya fara ninke ta a hankali. Inde ba ta dubi yaron ba, rigar ta duba.

"Ku ce wa wancan ya mayar da ita jikinsa," in ji ta.

Bayan la'asar fili ya cika. Aka zo wajen kiran. Sai muryar ta fito daga bayan zana, babu wanda bai san ta ba.

"Ilyasu."

Sashen mata ya ɗauki guna-guni da dariya. Sa'adatu, ƙawarta ta kasuwa, ta ɗaga murya ta ce, "Inde, yau kuma bakin ya tsinke?" Ilyasu ya tsaya cak yana kallon zanar, maganar da ya haddace ta ɓace masa. Da ƙyar ya ce, "Na'am, Inna," ba da muryar da ya yi gwaji da ita ba.

A tsarin wasan, sau ɗaya uwa ke kiran sunan, ta yi roƙo kaɗan, yaro ya ɗauki jaka ya tafi. Inde ba ta bi tsari ba. Ta kira shi, ta sake kira. Ta tambaye shi wa zai ɗinke komar kamun kifi idan ya tafi, tunda shi ke ɗinke ta ba a sa shi ba. Ta ce tun yana ƙarami bai taɓa cin kifin talla a ɓoye ba. Kowace magana da sunan take buɗe ta. Yaron da aka rubuta masa taurin kai ya kasa ɗaga ƙafa, sai da mai wasan abokinsa ya ja shi da ƙarfi daga dandali, jama'a suna tafi suna cewa a bar shi ya zauna.

Matan unguwa sun yi ta tsokanarta har damina ta wuce. Ita kuwa washegari ta koma wa wancan ɗinta, har yau da yake karatu a Maraɗi. Kwanan baya na tsaya sayen banda, na tambaye ta dalilin da ya sa ta yi ta maimaita sunan alhali sau ɗaya muka roƙa.

"Mushe, tun ranar suna nake riƙe da shi a baki, ban taɓa jin yadda yake fita ba. A bayan zanar nan ba ni ce uwarsa ba, wata ce. Na ce tunda an ara mini bakinta, bari in ƙoshi kafin in mayar."