Kwanon Iya da Cakulan ɗin da Rana ta Narkar

Makon jiya 'yata ta manta da cakulan a bayan mota, muka shiga kasuwa a nan Dutse muka daɗe. Da muka fito na buɗe ƙofa sai ƙamshinsa ya buge ni, ya narke tiɓis a cikin ledarsa. Yarinya ta kama shi da yatsu biyu za ta wurgar a kwata, na riƙe mata hannu. Ni ba a zubar da narkakken cakulan a gabana, kuma bari in gaya maka dalili.

Ina da shekara goma a lokacin, muna zaune a ƙauyenmu da ke tsakanin Aujara da Miga. Kakata ta wajen uba, wadda muke ce wa Iya, tana ɗaki na ƙarshe a gidanmu, kusa da turken awaki. Sunanta aka sa mini, don haka ita ba ta kirana komai sai Takwara. Baba kuwa ɗanta ne na fari, ban taɓa jin ta kama sunansa ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce da ni "uban nan naki", ko da kuwa yana tsaye a gabanta.

Iya tana da wani kwano mai murfi, fari da zanen jan fure, bakinsa duk ya ɓantare. Kowace ƙaramar Sallah kwanon nan sai ya fita daga gidanmu da safe, cike da abin da ta yi da hannunta, alkaki ko nakiya, ya nufi gidan Malam na bayan masallaci, wurin tsohuwar da muke ce wa Gwaggo. A shekara ɗaya aka kawo ita da Iya garin suna amare, kuma tun daga lokacin suke wannan musaya. Gwaggo ta juye, ta wanke, ta cika shi da nata ta maido. Ƙawaye ne na gaske, amma kowacce tana sa ido a kan aikin 'yar'uwarta. Iya ta sha cewa nakiyar Gwaggo sai mai haƙorin doki, Gwaggo kuma tana yawo da cewa alkakin Iya tsami ya yi masa yawa.

To, a sanyin shekarar nan idon Iya ya yi rauni ƙwarai. Wata safiya tana ɗumama tuwo bakin zanenta ya kama da wuta, ba ta gani ba sai da ta ji zafi. Allah ya taƙaita, ƙwaurinta kawai ya saluɓe. Baba bai yi dogon bayani ba. Ya ɗauke duwatsun murhunta guda uku ya kai bayan rumbu, ya ce daga yau Inna, wato mahaifiyata, ita za ta riƙa yi mata komai. Ni kuma ya ɗora mini aikin tsaro: in na ga Iya ta kusanci wuta in gaya masa. Na karɓi muƙamin nan da girman kai, har ina leƙa ɗakinta ina shinshina ko zan ji hayaƙi. Yau in na tuna kunya nake ji.

Iya ba ta yi gardama ba, amma ta yi sanyi. Da azumi ya yi nisa Gwaggo ta zo duba ta, da za ta tafi ta dafa kafaɗarta ta ce bana kada ta wahalar da kanta, ita za ta aiko da nata, kwano ya huta. Da alheri ta faɗa, na sani. Amma na ga fuskar Iya bayan Gwaggo ta fita, kuma ko da ƙuruciyata na gane tausayin nan ya fi ƙunar yi mata ciwo. Inna ta ce ai ba komai, za ta zuba cincin ɗin da ta soya a kwanon a kai da sunan Iya. Iya ta ce kwanonta bai taɓa ɗaukar aikin hannun wata ba, kuma ba zai fara ƙarya da tsufansa ba.

Sallar shekarar a tsakiyar bazara ta faɗo, irin zafin da ko kaji sai su buɗe baki su lafe a gindin randa. Ranar ashirin da tara ga wata, da hantsi, ƙanen Baba ya iso daga Dutse, inda bai daɗe da samun aiki ba. Cikin tsarabarsa akwai cakulan cike da leda, wani abokin aikinsa da ya dawo daga Umra ne ya ba shi. Sai dai a saman kaya ya ɗora shi a motar haya, rana ta yi ta dukansa tun daga tasha. Da aka buɗe, kowane ɗaya ya zama kunu a takardarsa. Inna ta taɓa ɗaya ta yamutsa fuska ta ce ya lalace, zai ɓata wa yara ciki, in kai bola. Mu a lokacin abin da ya canja kama a rana ruɓewa ya yi, ba mu san wani abu daban ba.

Na ɗauko ledar zan wuce ta ƙofar Iya sai ta ce, "Takwara, mene ne wannan mai ƙamshi?"

Na gaya mata. Ta karɓa ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa, ta murza kaɗan tsakanin yatsunta. Ta ce wannan ba ruɓa ba ce, man shanu ma haka yake yi da rana, kuma ba wanda ya taɓa zubar da shi. Sannan ta tambaye ni abin da uban nan nawa ya ce in tsare. Na ce wuta. Ta ce to, in ci gaba da tsarona, amma in ɗauko mata kwanon silba da ƙwarya biyu.

Muka matse cakulan ɗin ɗaya bayan ɗaya cikin kwanon silba, ta ce in rufe da faranti in ɗora kan kwanon rufin ɗakin kaji, inda rana ta fi ci. Ta aike ni wurin Inna na roƙo soyayyiyar gyaɗa daga wadda aka tanada don ƙuli. Iya ta durƙusa gaban dutsen niƙa da kanta. Wannan ba ya bukatar ido, hannunta ya san shi tun kafin a haifi Baba. Ta niƙa ta maimaita har gyaɗar ta koma ƙulli mai santsi, mai yana tsattsafowa. Ta kwance bakin zanenta ta ba ni kuɗi na sayo gugguru a maƙwabta, mudu guda, ta sa na zauna na tsince duk ƙwayar da ba ta fashe ba, don Gwaggo haƙoranta huɗu ne suka rage. Sukari kuma na daka shi a ƙaramin turmi na tankaɗe har ya yi laushi kamar garin tuwo.

Da na sauko da kwanon silba sai da na sa tsumma, don ya ɗauki zafi sosai. Iya ta zuba ƙullin gyaɗar a ciki, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, ta juya da ludayi har suka zama abu ɗaya. Ta kwarara a kan guggurun cikin ƙwarya tana juyawa a hankali daga ƙasa, wai kada a farfasa shi. Ga shi duk muna azumi, ba mai ɗanɗanawa. Da hanci da yatsa kawai take awo, kuma ko sau ɗaya ban ga ta yi shakka ba.

Ni ce na so in ɓata aikin. Don ɗoki na ɗebi sukarin na watsa tun abin yana da ɗumi, nan take ya jiƙe ya ɓace. Iya ta ji motsina ta make mini hannu, ta ce gaggawata irin ta dangin uwata ce. Ta sa na jiƙa yashin gindin randa na dasa ƙwaryar a kai, muka jira har la'asar. Sai da ya huce sannan ta zuba sauran sukarin, ta kifa ɗaya ƙwaryar a kai, ta rungume su a ƙirji ta shiga girgizawa. Har yau ina jin ƙarar nan. Da ta buɗe, kowace ƙwaya ta ware daban, fari a waje, baƙi a ciki, ba ta manne wa hannu.

Dab da shan ruwa Baba ya shigo. Ƙamshin ya kai shi har ƙofar Iya, ya dubi hannuwanmu, ya sunkuya ya taɓa wurin da murhun yake a da, ya ji shi sanyi. Ya juyo gare ni ya tambaya ko an hura wuta. Na ce ba a hura ba, kuma ban taɓa jin daɗin faɗin gaskiya kamar ranar ba.

Iya ta ce, "Takwara, gaya wa uban nan naki wutar da na yi aiki da ita tana can sama. In zai iya kai ta bayan rumbu, bismilla."

Baba ya sunkuyar da kai yana murmushi. Da aka kira salla ta miƙa masa cikin tafin hannu, ya ci, ya sake miƙo hannu. Ta ce a'a, na kwano ne. Bayan magariba aka ce an ga wata.

Da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi, Iya ta cika kwanon, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta ce in bi inuwar katanga kada in tsaya nuna wa kowa sabon zanena. Gwaggo ta ga kwanon a kaina ta riƙe baki. Ta buɗe, ta leƙa, ta ce wannan kuma kashin awaki ne aka barbaɗa wa toka? Ta tambaya ko uwata ce ta yi. Na ce Iya ce, da hannunta. Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki tana hararata, na ga muƙamuƙinta ya tsaya, don abin narkewa yake ba sai an tauna ba. Ta ci na biyu, ta ci na uku. Jikokinta suka taso, ta kore su da mafici. Sannan ta juye, ta wanke kwanon da kanta, ta danƙara nakiya har murfin ya ƙi rufuwa.

Ta ce, "Ki ce wa ƙawata na janye maganata. Kuma gishirin ya ɗan yi yawa."

Na kawo saƙon yadda aka ba ni. Iya ta karɓi kwanon ta auna nauyinsa a hannu, ta yi dariyar da rabon da in ji ta tun kafin ƙunar. Maganar gishirin ce ta fi faranta mata rai, don wanda ake tausayi ba a kushe masa aiki. Ta ƙara Sallah huɗu a duniya, ba ta sake hura wuta ba, kuma kwanon bai taɓa fashi ba. Ƙanen Baba ya ɗauki sayen cakulan a kansa, har yana tsokanarta cewa yanzu da gangan yake ɗora shi a saman mota.

Yanzu Sallah ta zagayo ta koma cikin bazara kamar wancan lokacin. A unguwarmu kowa yana bayan get ɗinsa, abincin Sallah a roba ake aikawa, irin wadda ba a maidowa, don haka ba ka sanin ko an ci ko an ba almajirai. Inna tana wurina, ta tsufa. Watanni uku da suka wuce ta bar gas a kunne, ni kuma na sa wa kicin kwaɗo, na ce ta huta, komai za a yi mata. Ta ce to. Sai ranar da na riƙe hannun 'yata a bakin kwata na gane cewa ni ma duwatsun murhu na kai bayan rumbu, ni da na ga abin da hakan ya yi wa Iya da idona.

Kwaɗon yana nan, ban cire ba, don Baba ma ba laifi ya yi ba. Amma da muka koma gida na matse cakulan ɗin a kwanon silba na ɗora a kan bonet ɗin mota a rana, na sayo gugguru da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, na ajiye ƙwarya biyu a gaban Inna. Ta shinshina, ta dube ni ta ce, "Abin da na ce ki kai bola?" Na ce shi ne. Ta rungume ƙoren ta fara girgizawa, ta ce in nemo mata kwano mai murfi, akwai wata tsohuwa a gida na uku da suke gaisawa ta taga.