Durƙuson Darlene

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci gwiwa, Ya kuma yanka mata wa'adi.

A wani ƙaramin gidan rawa a birnin Milwaukee na Amurka, tsofaffin makaɗa suna kaɗa jita. Ga wata dattijuwa a sahun gaba, sanye da koɗaɗɗiyar riga mai hotonsu, wataƙila tun tana budurwa ta saye ta. Al'adar masoyansu ce a tsakiyar waƙa a durƙusa, sannan a zabura tare. Kowa ya zabura, gwiwarta ta ƙi. Ana miƙo mata kujera, tana turewa.

Mawaƙinsu ya ce, "Darlene, addu'a kike yi?"

"Rufe mini baki, tsoho! Maimaita amshin!"

Suna ta maimaitawa har ta dafa dandamali ta miƙe da kanta.

Allah Ya dube ta da idon rahama, musamman gobe da safe.