Ranar da Aka Wanke Gilashin Toma

Toma Gabriel ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a Samaru. Shi ke wanke kwalabe, shi ke kula da akwatunan gilashi da ake kiwon kifi a ciki saboda ɗalibai. Tare muka yi makarantar mishan, benci ɗaya, ni na zama malami, shi ya bi wannan hanya.

Ya yi ritaya a 2001. Shekarar da ta biyo, matarsa Dinatu ta rasu. 'Ya'yansu biyu, ɗaya na Legas, ɗaya na Fatakwal. Abin da ya rage mai numfashi a gidansa na Palladan, ban da shi kansa, kifi ne guda ɗaya a akwatin gilashi kusa da taga. A shagon Amaechi ya saye shi, a Sabon Gari, lokacin bai wuce tsawon yatsa ba.

Ranar da na fara ganinsa na ce, "Toma, ƙurungu ka ajiye a falo? Ai wannan na miya ne."

"Haba Tica! Shekara arba'in kana koyarwa, amma kallo ba ka iya ba. Dubi bakinsa."

Na duba. Bakin a ƙasa yake, zagayayye, ya manne da gilashi kamar ƙahon wanzami. Jikin kuma da tauri kamar sulke, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Ƙurungu, in ji Toma, dogon gashin baki gare shi, yakan ma yi iyo a rigingine. Wannan kuwa da rana ɓuya yake ƙarƙashin guntun itace, sai da la'asar sakaliya ya fito yana kankarar gansakukar da ke jikin gilashi. Shi ya sa yake kiransa Mai Shara.

A kan ruwa Toma ba ya wasa. Ranar da famfo ya kawo, sai ruwan ya kwana uku a bokiti a buɗe, har warin magani ya fita. Ba ya canja ruwan duka, kashi ɗaya cikin uku kawai, kowace Asabar. Gilashin gaba kaɗai yake gogewa, sauran ukun ya bar su kore shar, domin abincin kifin ke nan. Da sanyi yakan lulluɓe akwatin da bargo. In an ɗauke wuta, injin iska ya tsaya, sai ya zauna da kofi yana ɗebo ruwan yana tsiyayawa daga sama. Yana yi yana ba kifin labari: wa ya rasu, wa bai zo sujada ba.

A Disamba 2006 aka yi masa aikin gwaiwa, ya kwana huɗu a asibiti. A majami'armu al'ada ce, kafin Kirsimeti zumuntar mata sukan zaga gidajen tsofaffin da matansu suka rasu, su yi shara da wanki. Toma ya ba shugabarsu, Mama Susanna, makulli. Bai tuna ya yi mata bayanin komai ba. Aka yi sa'a, ko rashinta, ranar famfo ya kawo ruwa.

Ni na dawo da shi gida da hantsi. Susanna ta tarye mu a ƙofa, hannunta duk kumfa.

"Baba Toma, sannu da jiki! Zo ka ga aiki. Wannan kwalba taka, Ubangiji ya yi mana jinƙai! Da Dinatu na nan, za ta bar ka da wannan ƙazanta? Muka sa ɗan naka a kwano, sau uku muka dirje kwalbar da garin sabulu. Ruɓaɓɓen icen nan ma mun jefar. Ga sabon ruwa fes daga famfo."

Gilashin sai walƙiya yake. Mai Shara na can sama a bakin ruwa, inda ban taɓa ganinsa ba, ya koɗe, yana haki.

Toma ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Mama, kun sha aiki. Allah ya saka da alheri."

Suna fita ya ce in ɗebo ruwan randa, wanda ya kwana biyar a ajiye. Da ɗinkin a jikinsa ya durƙusa, muka mayar da kifin cikin baho. Ya dafa ɗan yankin kabewa ya sa masa. Kifin bai taɓa ba. Washegari da safe da na zo, Toma na zaune a kujera, bahon a gabansa, kifin ya juye, cikinsa sama.

Raina ya ɓaci. Na ce bayan sujada zan sami Susanna in gaya mata abin da suka yi.

"Kada ka soma," in ji shi. "In suka ji, kunya za ta hana su dawowa. Bana kaf, in ba kai ba, su kaɗai suka taka gidan nan."

Ban faɗa ba. Ya binne kifin a bayan kicin, bai kuma sayi wani ba. Susanna ta rasu bara, ba ta taɓa sani ba.