Barkonon Inna a Kan Sola

"Malam, solar nan taka ba ta kawo wuta," in ji jami'in da gwamnati ta turo, yana duba batir yana girgiza kai.

Sharaɗin tallafin shi ne ka sa sola da kuɗinka, su zo su ga tana aiki, sannan a mayar maka da wani kaso. Ni kuwa har babur ɗina na sayar. Ga ranar garin Lafia kamar ta fasa kai, amma fanka ko motsi.

Jami'in ya ce a kawo tsani. Yana leƙa rufin kicin sai atishawa ta turnuƙe shi. Na hau na duba. Jama'a, barkono ne jajir an shanya a kan solar kaf!

Na juyo ga mahaifiyata. "Inna, wa ya yi shanya a nan?"

"Ni ce, turmi na taka na kai rufin," in ji ta. "Wuri tas, ga zafi, akuya ba ta kaiwa, sai in bar shi a banza? Barkonon garin Agyaragu ne fa mai yaji, ku kwashe a hankali."

Da muka kwashe muka goge, sai fanka ta ɗauka. Jami'i ya sa hannu yana hawaye, rabi dariya rabi yaji.

Yau alat ɗin kuɗin tallafin ya shigo, alhamdulillahi! Janareta ya yi ritaya, Inna kuma na sayo mata sabuwar tabarmar shanya.

Ku faɗi gaskiya, a gidanku wa zai fara taka turmi?