Hannayen Durowa Goma Sha Biyu

Duk layin Kafinta suke ce mata, alhali ba ta taɓa zama a shagon kafinta ko na wuni ɗaya ba. Aikinta na albashi a ɗakin wankin asibiti yake. Shekara ashirin da uku ke nan tana tsaye gaban injin guga, zanen gado na shiga ta nan a yamutse, yana fita ta can a miƙe sumul. Ƙarfe biyu take tashi daga aiki. Tana isowa gida za ta ci abin da ya samu, ta ɗaura tsohon zani a kan kayanta, ta jawo akwatin kayan aiki zuwa baranda, daga nan kuma sai ƙarar guduma har la'asar sakaliya.

Haushi ne ya koya mata sana'ar. Tana amarya ƙafar kujerarsu ɗaya tilo ta karye, aka kai wa wani kafinta a bakin titi. Yau gobe, gobe jibi, har wata huɗu. Ranar da abin ya ishe ta, ta je ta sunkuci kujerar a ka ba ta ce masa uffan ba, ta ari guduma a maƙwabta, ta buge babban yatsanta sau uku, farcen ma sai da ya fita. Kujerar ta tsaya a ɗan karkace, amma fa ta tsaya. Tun daga ranar ba ta sake kai wa kowa gyara ba.

Gadonsu, teburinsu, kujerun falo, har ɗan bencin da ake zama a sa takalmi, duk na hannu ne, daga wurin masu sayar da tsofaffin kayan ɗaki a bayan tasha. Mutanen nan in sun hango ta tafe sai su rage ƙarya. Ba ta sauraren yabon kaya. Ƙwanƙwasa katako take yi da bayan yatsa ta kasa kunne, ta kifar da kujera ta duba gaɓoɓinta ko akwai kuɗin cizo, ta shinshina cikin kabad. In ta ce gara ta ci cikin abu, to ko an shafe shi da fenti bakwai ta ci. Tana alfahari da wannan ido nata, ba ta kuma ɓoyewa.

Mijinta mai gyaran agogo ne, shekara arba'in da ɗan gilashi maƙale a ido ɗaya. Ita Malam take ce masa, shi kuwa ya bi bakin 'yan layi yana ce mata Kafinta don tsokana, har sunan ya zauna. Shekara huɗu da suka wuce idonsa ya fara rauni, ya naɗe teburinsa ya dawo gida. In an tambaye shi sai ya ce, "Da sauƙi, ina gani dishi-dishi. Manyan rubutu ma ina karantawa." Ba wanda ya yi musu, don a cikin gidan nan yawonsa yake kamar mai ido huɗu.

Babban ɗansu ne, wanda duk gidan ke kira Yaya, ya tayar da maganar ta waya ran Lahadi. Ya ce hankalinsa bai kwanta ba, a bar dattijo shi kaɗai daga shida na safe har biyu da rabi, cikin ɗaki cike da tarkace. Ya gyara masa ɗaki a gidansa, a hawa na huɗu, da mai kula da shi. Ran Asabar zai zo ya gani da idonsa. In abin bai yi masa ba, Baba zai bi shi.

Malam yana jin komai. Da ta ajiye wayar ya ce, "Can ko banɗaki sai an riƙe min hannu. Kafinta, in aka kai ni can na gama yawo."

"Ba inda za ka, ina raye," in ji ta. "Tarkace ya ce ko? To zai zo ya tarar da gida."

Tarkacen da Yaya ke nufi ta san shi. Wani kabad ne a ɗakin kwana, mai ƙananan durowoyi goma sha biyu, wanda ta sayo shekara tara baya da wani kemis ya rufe shago. Kafin ta taɓa shi Malam ya mamaye shi da magungunansa da 'yan ƙananan notinan agogo da batiran rediyo. Kai, abin ba kyan gani! Fentin ya ɓaɓɓare, durowa ɗaya igiya ce hannunta, wata lanƙwasasshiyar ƙusa, wata ba ta da hannu sam sai rami da ake zura yatsa, wata kuma sai an ɗaga ta sama kafin ta fito. Ta gyara kayan rabin layin nan, amma duk ranar da ta nufi wannan da samfefa sai Malam ya ce, "Bar min wannan."

Ran Litinin ma haka ya ce.

"Haba Malam! Wannan ne fa abin da yaron nan zai fara gani. Kai dai son tsohon abu ya yi maka yawa."

Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa. Ita kuwa ta ɗauki shirun a matsayin yarda, don dama ba ta saba jiran a ce mata to sau biyu ba.

Gaskiya, ta yi aiki. Ta juye kayan cikin a kwanuka, ta ja kabad ɗin zuwa baranda, ta kankare tsohon fenti har farin katakon ya bayyana, mai kyau, ba ko ramin ƙwaro ɗaya. Ta cike tsagu da garin katako da gam, ta goge da samfefa mai kaushi sannan mai laushi, ta shafa sabulu a gefen durowoyin har suna zamewa da yatsa ɗaya. Tsofaffin hannayen ta watsa su a shara. Ta sa sababbi goma sha biyu, zagayayyu masu ruwan zinare, duk iri ɗaya. Ran Laraba ta mayar da kayan bisa tsari irin na mai hankali, magunguna a sama, kayan agogo a tsakiya, sauran a ƙasa. Saboda idon Malam kuma ta manna wa kowace durowa farar takarda, ta rubuta da baƙin alƙalamin maka, harafi kamar babban yatsa.

"Ka ga rubutun?"

"Na gani," ya ce. "Ya yi kyau, sannu da aiki."

Ran Alhamis ta dawo biyu da rabi ta ji gidan tsit, ko rediyo babu. Ta same shi zaune a bakin gado, ƙafafunsa a naɗe sama. Durowa uku a ƙasa, ɗaya a kife, 'yan ƙananan notina da allurai sun warwatsu ko'ina a kan siminti. A tafin hannunsa akwai katin magani biyu masu girma ɗaya, na hawan jini da yake sha da safe, da na barci. Shayin da ta bar masa yana kan teburi, ya yi sanyi ƙalau. Tun bakwai na safe yake zaune a wurin.

Bakinta ya riga tunaninta. "Malam, wannan wane irin aiki ne? Ga rubutu nan ɓaro-ɓaro!" Ta ɗauki durowa ɗaya ta kai masa gaban fuska. "Karanta mana. Me aka rubuta?"

Ya ɗago kai, amma ba durowar ya kalla ba. Wajen muryarta ya juya, ya kuma kuskure ta da kamar taku ɗaya, yana kallon labule. Ta ajiye durowar a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Haske da duhu kawai nake bambancewa." Ya juya katin maganin a hannunsa. "Na safe yana cikin mai igiya, na dare yana cikin mai ƙusa. Yau na taɓa na ji duk ɗaya suke. Na ji tsoron in sha na barci ki dawo ki same ni a sheme, ki kira yaron nan."

Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, ga haushin kanta har wuya. Ita da ke gane ɓarnar gara daga ƙwanƙwasawa ɗaya, ta shekara tana kwana ɗaki ɗaya da mutum ba ta san ba ya ganinta ba. Ba mai yawan kuka ba ce, amma ranar ta yi, a tsaye, da tsintsiya a hannu. Da ta gama ta share ƙasan tas, ta ba shi maganinsa da ruwa, ta dafa sabon shayi.

"To ya isa," ta ce. "Muna da wuni ɗaya da rabi. Ni na ɓata, ni zan gyara, amma wannan karon kai ne mai duba aiki."

Motar shara ta riga ta tafi da tsofaffin hannayen, don haka ta juye masa gwangwanin tarkacenta a kan tire. Yana lalubawa yana zaɓa. Kan famfo ya ce na maganin safe ne, tunda da ruwa ake sha. Kwarkwaron zare ya ba na dare. Aka samu tsohon makulli, da zoben labule, da cokalin da ta lanƙwasa da filaya, da marfin kwalba, da guntun fatar agogo da ya shafa ya daɗe bai ajiye ba. Ta cire masu ruwan zinaren nan ɗaya bayan ɗaya, ranta na ɗan sosuwa, don wallahi sun yi kyau. Shi ya faɗi abin da zai shiga kowace durowa, ita nata ɗaure noti.

Ran Juma'a ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata injin, ta zauna a gida. Ta ɗaure idonta da ɗankwali ta ce za ta je banɗaki daga bakin gado. Taku huɗu ta yi ƙwaurinta ya haɗu da kusurwar teburin da ita da kanta ta gyara.

"Wayyo Allah!"

Malam ya yi dariya har da tari. "Wannan kusurwar mun daɗe da sanin juna. Hagu ake bi."

Ta zagaye kusurwar da zarto da samfefa. Ta kafa siririn katako a jikin bango daga ɗaki har ƙofar banɗaki, daidai tsayin hannunsa. Tana gogewa yana bi da yatsa yana cewa nan da saura, nan ma da saura, a wuraren da idonta ya rantse sun yi sumul. Da yamma ya tambaye ta ko za ta gaya wa yaron.

"Ba zan faɗa ba, ba kuma zan yi masa ƙarya ba. Idonka ne, ɗanka ne."

Yaya ya iso Asabar da hantsi. Ya gaishe su, ya zagaya gidan yana leƙe-leƙe, ya tsaya gaban kabad ɗin ya riƙe ƙugu.

"Umma, wannan kuma wane irin ado ne? Har da kan famfo?"

"Sabon yayi ne, bai iso unguwarku ba tukuna," ta ce.

Malam ya miƙe daga kujerarsa, ya bi ta hagun teburi, ya ja kan famfo ya ɗauki maganinsa ya sha. Ya ja makulli ya ciro batir biyu ya sa wa rediyo. Ya wuce banɗaki ya dawo ya zauna, ko kujera bai taɓa da gwiwa ba. Kafinta na tsaye bakin ƙofa tana ji kamar ta yi guɗa.

Yaya ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Ashe idon da sauƙi sosai. Ni ne na tsorata kaina." Ya ɗan taɓa hira, ya ɗauki makullin motarsa. Magana ta ƙare ke nan, ba wanda zai kai kowa hawa na huɗu.

"Zauna," in ji Malam. "Matso nan kusa."

Yaya ya durƙusa gabansa.

"Abin da ka ga na yi yanzu, kullum haka zan yi shi, uwarka ta tsara min. Amma ba da ido na yi ba. Ba na ganinka. Na fi shekara ban ga fuskarka ba. Na ɓoye ne don kada ka ɗauke ni daga inda na san hanya. Yanzu ka sani, sai ka yanke abin da za ka yanke."

Yaya ya juyo ya kalli uwarsa. Ta gyaɗa masa kai, ba ta kawar da ido ba. Malam ya miƙa hannu ya sami kafaɗarsa, ya hau zuwa kunne, ya gangaro kumatu, sai yatsun suka tsaya cak.

"Af! Gemu ka tara?"

"Wata takwas ke nan, Baba." Muryar Yaya ta karye. "Na ɗauka ba ka so ne, shi ya sa ba ka taɓa cewa komai ba."

Ya kifa goshinsa a gwiwar ubansa, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago ya goge fuska da hannun riga ya ce, "Ba inda zan kai ka. Ni zan riƙa zuwa."

Malam bai saki gemun ba. Ya sake shafa shi daga wannan kunne zuwa wancan, a hankali, yadda yake bin katako.

"Gefen dama ya fi na hagu tsawo," ya ce. "Ka canza wanzami."