Tuwon Inna a Wuyan 'Yan Tsaki

Ko da zan manta duk wahalar da na sha a daminar da mahaifinmu ya rasu, ba zan manta da 'yan tsakin Inna ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na ga kaza tana miƙa wuya tana buɗe baki, sai su faɗo mini a rai.

Baba ya yi aiki a jami'a har ya yi ritaya, ya zauna a gidansa na Samaru yana kiwon kajin gida. Da ya rasu kajin suka watse, wasu aka yanka wa 'yan gaisuwa, wasu aka rabar. Kaza ɗaya ta rage, tana kwanci a kan ƙwai a cikin wata fasasshiyar tukunya. Inna kuwa ta shiga takaba, ta kuma daina cin abinci. Ba kuka, ba rigima. A kawo kwano ta ce an gode, a dawo a tarar da shi yadda aka ajiye. Likita ya ce in ta ci gaba a haka sai an ba ta gado a asibiti, ita kuma ta ce ba mai fitar da ita daga gidan mijinta sai ta gama takaba.

Ni ce 'yarta ta kusa. Sauran suna Kaduna da Abuja, aikinsu su bugo waya su ce a riƙa lallaɓa ta. Ina aure a Dogarawa, ina koyarwa a wata firamare. Kullum in taso daga makaranta, in dafa na gidana, in tuƙa mata tuwo mai laushi da miyar kuka, in hau mota zuwa Samaru, in dawo bayan magariba ko magana ba na iya yi. Wallahi na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ana cikin haka kazar ta ƙyanƙyashe, ba a daɗe ba kuma muzuru ya yi gaba da ita. Inna da kanta ta fito ta kwashe 'yan tsakin, ta zuba su a babban kwali a bakin ƙofar ɗakinta, ta kunna musu fitila saboda sanyin damina. Daga ranar ta fara tashi, tana shara, tana musu magana. Abin da ya fi faranta mini rai, kwanon da nake bari da yamma sai in same shi washegari an cinye, an wanke, an kife. Har waya na bi 'yan'uwana da ita ina musu albishir.

'Yan tsakin sun fara fitar da gashin fiffike sai suka fara langaɓewa. Su takure wuri ɗaya, ido a rufe, ƙasan wuyansu a kumbure. Da ɗaya ya mutu na tarar Inna ta koma kan tabarma ta juya wa ƙofa baya. Ta ce, "In suka ƙare, ba sauran abin Malam mai numfashi a gidan nan." Na ce a raina, mu 'ya'yansa fa, itatuwa ne? Amma na san abin da take nufi. In suka mutu za ta koma 'yar gidan jiya, ni kuma ba ni da sauran ƙarfin da zan sake tayar da ita.

Na sa guda a ƙaramin kwali na kai shi Sabon Gari, shagon wata likitar dabbobi mai sayar da abincin kaji. 'Yar Kudu ce, amma a nan aka haife ta, Hausa a bakinta sai dai in saurara. Ta kama yatsana ta ɗora a kan kumburin. Ta ce wannan 'yar jaka ce da abinci yake fara taruwa kafin ya gangara ciki, kuma cikarta da rana ba ciwo ba ne. A ɗauke musu abinci da yamma, a bar ruwa kawai, da sassafe a taɓa. Mai lafiya jakarsa za ta wayi gari ba komai. In ta yi tauri, abinci ne ya toshe. In ta yi laushi kamar ledar ruwa, baki yana warin tsami, to abincin ya ruɓe a ciki, maganinsa kuma daban. Ta gargaɗe ni kada in kuskura in kife shi ƙasa in matse don ya amayar, yana iya shaƙewa ya mutu a hannuna.

Aiki ya ƙaru ke nan. Da yamma in kwashe abincinsu in ɓoye, in idar da sallar asuba in kamo hanyar Samaru kafin makaranta. Na taɓa na farko, a cike. Na biyu, a cike. Dukansu haka. Washegari ma haka, wani kuma ya sake mutuwa. Na koma Sabon Gari da guda a kwali kamar zan yi kuka, na ce mata duka sun toshe. Ta ce ba ya yiwuwa a ce duka, akwai dai mai ba su abinci bayan na tafi. Ta buɗe bakin wanda na kawo ta shinshina, ta dube ni.

"Anti, kajinku daddawa suke ci?"

Ina isa gidan Inna na ɗaga tsumman da aka shimfiɗa a kwalin. Ga shi nan a kusurwa, gutsattsarin tuwo ya bushe, da koren miyar kuka a jikinsa. Tuwona ne. Tuwon da nake tsayuwa a kansa bayan na wuni a tsaye a aji.

Na shiga ɗaki da niyyar faɗa, ban san ta inda zan fara ba, sai na kama hannunta. Yatsuna biyu suka zagaye tsintsiyar hannun har da saura. Kullum ina zuwa, kullum kwano nake dubawa, ban taɓa ta ba tun ranar sadakar bakwai.

Ba ta musa ba. Ta ce Malam bai taɓa barin wani mai rai ya kwana da yunwa a gidansa ba, ita kuma abincin ba ya wuce mata, to ta zubar ne? Na ce, "Inna, tuwon nan ke zai raya. Su kashe su yake yi." Ta juya ta dubi kwalin. Can ta ce, "Ashe ni ce."

Ranar a Samaru na kwana. Na zauna muka sa hannu a kwano ɗaya, ta yi 'yan lomomi da ƙyar, tana yi tana hutawa. Da gari ya waye ita ta riga ni zuwa wurin kwalin. Na ɗora yatsanta yadda aka ɗora nawa. Yawancinsu jakar ta sauka, suna ta kukan yunwa. Biyu ne suka rage. Mai tauri muka riƙa ɗiga masa ɗan man gyaɗa da ruwa, Inna tana murza wurin a hankali, har ya saki. Muka zuba musu yashi mai tsakuwa, don rashinsa a kwali ma yana hana su niƙa abinci. Mai warin tsamin kuwa, duk da maganin da na karɓo, bai yi rai ba. Inna ce ta binne shi a gindin zogale, ta dawo ta wanke hannu, ta tambaye ni ko akwai sauran koko.

Ba zan ce daga ranar komai ya daidaita ba. Na ci gaba da zirga-zirga har ta fita takaba, sai dai na daina ajiye kwano in tafi, sai na ga abin da ya shiga bakinta. Jikokin 'yan tsakin nan suna nan suna ɓata mata tsakar gida, tana zaginsu tana watsa musu tsaba.

Abin da na koya shi ne, in kana jinyar wanda ba ya faɗin ciwonsa, mutum ne ko dabba, kada ka tsaya daga bakin ƙofa kana duba kwano. Matsa kusa ka sa hannu ka taɓa shi.